Basil Liddell Hart: ɗan jaridar da ya juya akalar tsaron Birtaniya

A watan Disamban 1937, ministan yaƙi na Birtaniya, Leslie Hore-Belisha, ya sauke babban hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Cyril Deverell, tare da wasu tsofaffin janar-janar, ya naɗa Lord Gort wanda ya fi su ƙuruciya. A barikoki da ofisoshin ma'aikatar yaƙi da ke Landan, hafsoshi ba su ɗora wa ministan laifin shi kaɗai ba. Sun san akwai mai raɗa masa a kunne, kuma mutumin ba ya majalisa, ba ya kuma cikin ma'aikatan gwamnati. Wakilin jaridar The Times ne kan harkokin soja, tsohon kyaftin da ciwon zuciya ya raba da kaki shekaru goma kafin nan. Sunansa Basil Henry Liddell Hart.

A yau duk wanda ya kunna rediyo ko ya duba wayarsa bayan an kai wani hari, zai ji ana gabatar da wani a matsayin mai sharhi kan harkokin tsaro. Liddell Hart na cikin mutanen farko da suka mayar da wannan aiki sana'ar da suke ci da ita. Ya kai matsayin da gwamnati ke gina manufar tsaronta a kan tunaninsa, ya tafka babban kuskure a daidai lokacin da kuskure ke cin rayuka, sa'annan ya shafe sauran rayuwarsa yana ƙoƙarin maido da sunansa, wani lokacin ta hanyar da masana tarihi suka ce ba ta dace ba.

Ɗan limamin majami'a a fagen daga

An haife shi ranar 31 ga watan Oktoban 1895 a birnin Paris, inda mahaifinsa ke limanci a wata majami'ar ɗariƙar Methodist. Hart sunan mahaifinsa ne, Liddell kuma sunan gidan su mahaifiyarsa, daga baya ya haɗa su biyun ya zama da su aka san shi. Ya yi karatu a makarantar St Paul's ta Landan, daga nan ya shiga kwalejin Corpus Christi ta jami'ar Kambirij don karanta tarihi. Bai kammala ba, domin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914. Kamar dubban samarin zamaninsa, ya ajiye littattafai ya shiga soja don raɗin kansa, aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa a wata rundunar sojan ƙafa ta yankin Yorkshire.

Zamansa a fagen daga bai yi tsawo ba, sai dai ya faɗo a kan rana mafi muni a tarihin sojan ƙasarsa. Ranar 1 ga watan Yulin 1916, sojojin Birtaniya suka fito daga ramukansu a yankin kogin Somme da ke arewacin Faransa, suka nufi ramukan Jamusawa gaba da gaba. An shafe mako guda ana luguden manyan bindigogi kafin ranar, kwamandoji na ganin an riga an share waya mai ƙaya da mashingogin abokan gaba. Ashe suna nan. Kafin faɗuwar rana, sojojin Birtaniya 57,470 ne suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace, kuma 19,240 daga cikinsu gawa ce. Bataliyar Liddell Hart ta rasa akasarin hafsoshinta. Shi ya tsira ne saboda yana cikin ƴan kaɗan da aka ajiye a baya a wannan safiya. Bayan ƴan makonni iskar guba ta same shi a kusa da dajin Mametz, aka kwashe shi zuwa Ingila, kuma daga nan bai sake komawa fagen daga ba.

A watannin farko bayan Somme bai zargi kowa ba. Rubutun da ya yi a lokacin ma yabo ne ga manyan kwamandoji, ciki har da Janar Douglas Haig. Sai a hankali, yayin da yake karanta takardun yaƙin yana tattaunawa da waɗanda suka halarta, ya kai ga matsayar cewa rashin dabara ne ya halaka abokansa. Birtaniya ta rasa sama da mutum 700,000 a wannan yaƙi. Kusan duk abin da ya rubuta daga baya ya samo asali ne daga tambaya guda: ta yaya za a ci yaƙi ba tare da an sake irin wannan kisa ba?

Daga bariki zuwa ɗakin labarai

Bayan ya murmure an tura shi horas da sababbin sojoji a garuruwan Stroud da Kambirij. A nan ya fara rubuta ƙananan littattafai kan horon sojan ƙafa, waɗanda suka ja hankalin Janar Ivor Maxse, ɗaya daga cikin manyan masu kula da horo a rundunar. Ta hannunsa matashin kyaftin ya samu shiga aikin sabunta littafin horon sojan ƙafa bayan yaƙi. Dabarar da ya kawo ya kwatanta ta da ambaliya idan ta haɗu da katangar ƙasa. Ruwa kan laluba har ya samu tsaga, ya kutsa ta nan, ya faɗaɗa ta, sa'annan ya bazu a bayan katangar. Haka yake son sojoji su yi: a tura ƙarin ƙarfi inda aka samu sauƙi, a bar inda aka gamu da turjiya.

Lafiyarsa ba ta bar shi ya ci gaba ba. Ciwon zuciya ya kama shi a farkon shekarun 1920, aka mayar da shi rabin albashi a 1924, ya yi ritaya a 1927 yana kyaftin. Yana da mata da ɗa, don haka dole ya nemi abin yi. Ya fara da rubuta labaran wasan tanis, har da gasar Wimbledon, yana haɗawa da rubutu kan soja a jaridar Morning Post. A 1925 jaridar Daily Telegraph ta ɗauke shi wakilinta kan harkokin soja, ya yi shekaru goma a can, sa'annan a 1935 ya koma The Times, jaridar da ministoci da jakadu ke karantawa kowace safiya.

Aikin jarida ya ba shi abin da kaki bai ba shi ba. Kyaftin ba ya iya cewa janar ya yi kuskure, amma ɗan jarida na iyawa. Yana halartar atisayen sojoji yana rubuta abin da ya gani, yana musayar wasiƙu da ɗaruruwan hafsoshi, yana kuma ajiye kwafin kowace wasiƙa da bayanin kowace hira. Matasan hafsoshin da ke ganin manyansu sun tsaya a zamanin doki sukan kawo masa labari a asirce.

Babbar muhawarar lokacin ita ce tankar yaƙi. An fara amfani da ita a watan Satumban 1916 a Somme, amma hafsoshi da dama na kallon ta a matsayin abin taimaka wa sojan ƙafa kurum. Kanal J. F. C. Fuller, wanda ya riga Liddell Hart shiga wannan fage, ya shawo kansa cewa makomar yaƙi na ga injina. Su biyun suka dinga kiran a kafa runduna mai tafiya da sauri, tankoki da motoci da jiragen sama na aiki tare, wadda za ta fasa layin abokan gaba ta wuce can baya ta yanke hanyoyin sadarwa da na abinci. A 1927 sojan Birtaniya suka kafa wata rundunar gwaji ta injina a filin Salisbury, Liddell Hart ya yi ta yayata ta a jarida. Bayan kimanin shekaru biyu aka wargaza ta, ga ƙarancin kuɗi, ga kuma masu son dawakai da ba su yarda ba.

Dabarar zagaye

Sunan Liddell Hart ya fi tafiya da abin da za a iya kira dabarar zagaye. Ya fara shimfiɗa ta a wani littafi na 1929 kan manyan yaƙoƙin tarihi, ya yi ta sabunta shi har ya zama littafin da aka sani da suna Strategy a 1954. Hujjarsa ita ce, idan ka tunkari abokin gaba ta inda yake jiran ka, ka ƙara masa ƙarfi ne, domin ka tura shi baya zuwa ga kayan yaƙinsa da ajiyarsa. Nasara ta fi samuwa idan ka bi ta inda bai zata ba, ka sa shi shakkar inda ka nufa, ka rikita hankalin kwamandansa kafin ma a gwabza.

Ya kafa hujja da mutanen tarihi da ya rubuta rayuwarsu. Akwai Scipio, janar ɗin Rum da ya bar Hannibal a Italiya ya kai yaƙi Spain da Arewacin Afirka, har ya ci shi a Zama, a ƙasar Tunisiya ta yau, shekaru 202 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai William Sherman na yaƙin basasar Amurka, wanda a 1864 ya ratsa jihar Georgia daga Atlanta zuwa Savannah yana karya tattalin arzikin ƴan tawaye. Akwai kuma abokinsa T. E. Lawrence, Baturen da ya taka rawa a tawayen Larabawa ga Daular Usmaniyya, wanda ya rubuta littafi a kansa a 1934. Masu suka sun ce yana zaɓen misalan da suka yi masa daɗi, kuma duk nasarar da ya gani sai ya kira ta zagaye. Duk da haka makarantun soja a ƙasashe da dama sun ci gaba da karantar da littafin.

Tunaninsa ya wuce fagen daga. Ya dage cewa amfanin yaƙi shi ne irin zaman lafiyar da zai biyo baya, don haka ƙasar da ta ƙarar da jininta da dukiyarta don ta murƙushe abokin gaba gaba ɗaya na iya cin yaƙi ta wayi gari ba ta da komai. Daga nan ya gina matsayarsa kan Birtaniya kanta. A wani littafi na 1932 ya ce tura miliyoyin sojoji zuwa Faransa a 1914 zuwa 1918 kauce wa al'adar ƙasar ne, wadda a ganinsa ta saba dogaro da sojan ruwa, da toshe wa abokin gaba hanyoyin kasuwanci, da tallafa wa ƙawaye da kuɗi. Wannan ra'ayi ne ya kai shi kusa da mulki, shi ne kuma ya jawo masa faɗuwa.

Watanni a kunnen minista

A watan Mayun 1937 Neville Chamberlain ya zama firaminista, ya naɗa Hore-Belisha ministan yaƙi. Sabon ministan ɗan siyasa ne mai son kawo sauyi amma bai san soja sosai ba. Aka haɗa shi da Liddell Hart, suka ƙulla wata hulɗa da ba ta da suna a takardun gwamnati. Ɗan jaridar na rubuta masa takardun shawara, suna magana ta waya, suna haɗuwa a wajen cin abinci. Ya ba da shawarar a rage shekarun ritayar manyan hafsoshi, a gaggauta ƙarin girma ga matasa, a ƙara rundunonin injina, a kuma fifita kare sararin samaniyar Birtaniya daga jiragen Jamus. Har sunayen hafsoshin da yake ganin sun cancanci manyan muƙamai yakan kawo.

Matsalar a fili take. Mutum ɗaya ne ke ba minista shawara a ɓoye, shi ne kuma ke sharhi kan ayyukan ma'aikatar a jarida mafi tasiri a ƙasar. Ba wanda ya zaɓe shi, majalisa ba ta iya kiran sa ta yi masa tambaya. Hatta hafsoshin da suka amfana da shawararsa, irin su Gort, sun ƙi jinin wannan tsari. Zuwa tsakiyar 1938 hulɗar ta yi sanyi.

Sai dai babban ra'ayinsa ya riga ya shiga manufar gwamnati, domin ya zo daidai da abin da Chamberlain da ma'aikatar kuɗi ke so. Liddell Hart na cewa kada Birtaniya ta shirya babbar rundunar da za ta tura nahiyar Turai. Hujjarsa ita ce makaman zamani sun fifita mai tsaro a kan mai kai hari, har ma mai harin na buƙatar ƙarfin da ya ninka na mai tsaro kusan sau uku kafin ya fasa, saboda haka Faransa na iya tare Jamus. A ƙarshen 1937 gwamnati ta sanya shirin tura sojoji Turai a ƙasan jerin ayyukan sojan ƙasa. Sai a farkon 1939 ta sauya matsaya, ta kuma kawo dokar shiga soja dole a watan Afrilu, matakin da shi ya yi adawa da shi. An riga an yi asarar lokaci mai tsada.

Bai kasance mai goyon bayan Hitila ba. Ya saɓa da shugabannin The Times kan yadda jaridar ke mara wa siyasar lallashin Jamus baya, kuma a 1939 ya bar ta. A shekarar ce ya fitar da littafinsa kan tsaron Birtaniya, inda ya sake jaddada ƙarfin mai tsaro.

Shekarar 1940

Ranar 10 ga watan Mayun 1940 Jamus ta kai hari yammacin Turai. Tankokinta suka ratsa dajin Ardennes, inda kwamandojin Faransa ba su zaci babban hari ba, suka ƙetare kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga wata, suka isa bakin tekun da ya raba Faransa da Ingila ranar 20. An kwashe sojoji kimanin 338,000 na Birtaniya da ƙawayenta daga Dunkerque, Faransa kuma ta sa hannu kan tsagaita wuta ranar 22 ga watan Yuni. Wannan faɗuwa ta taɓa har ƙasarmu, domin Nijar da sauran yankunan Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka sun koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy.

Ga Liddell Hart abin ya zo da ɗaci biyu. Jamusawa sun yi amfani da irin yaƙin tankokin da ya yi ta kira a kai a shekarun 1920, sun kuma ƙaryata hasashen da ya yi a ƙarshen shekarun 1930 cewa mai tsaro ne zai yi rinjaye. Mutanen da ke neman shawararsa suka ja baya. Gwamnatin Winston Churchill ba ta ba shi wani aiki ba.

Matsayin da ya ɗauka a lokacin yaƙin ya ƙara ware shi. Yana ganin Birtaniya ba za ta iya murƙushe Jamus ba sai ta talauta kanta, don haka ya karkata ga neman sulhu. Ya soki ruwan bama-bamai a kan unguwannin fararen hula na biranen Jamus, ya kuma soki sharaɗin miƙa wuya ba tare da wani sharaɗi ba da Churchill da Roosevelt suka sanar a Kasabalanka a watan Janairun 1943, yana ganin zai tsawaita yaƙin ya kuma buɗe wa Tarayyar Sobiyet ƙofar tsakiyar Turai. A wasu daga cikin waɗannan batutuwa tarihi ya ba shi wani ɓangare na gaskiya. Amma ya kasa gane irin gwamnatin da Hitila ke jagoranta, yana auna ta kamar kowace gwamnati da za a iya zama da ita a daidaita. A 1944 hukumar leƙen asirin cikin gida ta MI5 ta sa masa ido, bayan ya rubuta wata takarda da ta nuna kamar ya san shirin saukar sojojin ƙawance a Faransa. Ba a gurfanar da shi ba, kuma sai a 2006 aka saki takardun wannan bincike.

Janar-janar na Jamus da gyaran suna

Da yaƙi ya ƙare, an tsare wasu manyan hafsoshin Jamus a wani sansani da ke Grizedale, a arewa maso yammacin Ingila, kusa da inda yake zaune. Ya samu izinin ganawa da su, ya yi ta hira da su kan yadda suka tsara yaƙoƙinsu. A 1948 ya fitar da littafin The Other Side of the Hill, wanda ya ba masu karatu na Ingilishi damar jin yaƙin daga bakin ɗaya ɓangaren. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai. A 1953 ya shirya takardun Erwin Rommel don bugawa tare da haɗin kan iyalan marigayin. Ya kuma shiga cikin masu fafutukar kare Erich von Manstein, wanda wata kotun sojan Birtaniya ta yanke wa ɗaurin shekaru 18 a Hamburg a 1949 kan laifukan yaƙi, aka sake shi a 1953.

A nan ne babban zargin da ake masa yake. Janar-janar ɗin na buƙatar wanda zai nuna su a matsayin ƙwararrun sojoji da ba ruwansu da kisan kiyashin ƴan Nazi. Shi kuma yana buƙatar wanda zai shaida cewa nasarar 1940 daga rubutunsa aka koye ta. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Heinz Guderian, kwamandan tankokin da suka fasa Sedan. Littafin tarihin rayuwarsa na Jamusanci bai ba Liddell Hart wani matsayi na musamman ba. A fassarar Ingilishi ta 1952 sai ga wani sakin layi da ke ɗaukaka shi a matsayin babban malami. Wasiƙun da suka yi musaya sun nuna Liddell Hart ne ya nemi a saka wannan sakin layi, Guderian kuma ya amince.

Masana tarihi na ganin wannan ciniki ya taimaka wajen yaɗa labarin cewa sojan Jamus sun yi yaƙi da hannu mai tsabta, alhali bincike ya tabbatar da hannunsu dumu-dumu a kisan fursunonin yaƙi da Yahudawa da sauran fararen hula, musamman a gabashin Turai.

Bam ɗin nukiliya da yaƙin sunƙuru

A shekarun 1950 da 1960 sunansa ya dawo. Yana cikin waɗanda suka fara cewa makamin nukiliya ya mayar da yaƙin gaba ɗaya kisan kai ga kowane ɓangare, don haka barazanar mayar da martani da bam kan kowane irin hari ba abar yarda ba ce. Ya yi hasashen cewa tsoron bam zai ƙara yawan ƙananan yaƙoƙi da yaƙin sunƙuru, kuma ƙasashen yamma na buƙatar sojoji na yau da kullum masu saurin motsi. Littafinsa na 1960, Deterrent or Defence, ya samu yabo daga John Kennedy, wanda ya rubuta sharhi a kansa yana tsakiyar takarar shugabancin Amurka. Hafsoshin Isra'ila irin su Yigal Allon sun ɗauke shi malami, ya kuma ziyarci ƙasar a 1960.

A bugun 1967 na littafin Strategy ya ƙara babi kan yaƙin sunƙuru, inda ya yi wani gargaɗi da ya cancanci mai karatu a yankinmu na Sahel ya tsaya a kansa. Ya ce raba wa fararen hula makamai don su yaƙi abokin gaba na iya biyan buƙatar yau, amma yana koya wa matasa raina doka da sabawa da zub da jini, kuma wannan ɗabi'a ba ta ƙarewa ranar da yaƙi ya ƙare. Ya kawo misalin Spain, inda ƴan sunƙurun da suka yaƙi Napoleon suka bar wa ƙasar gadon tashin hankali na shekaru masu yawa.

Gidansa da ke Medmenham, kusa da kogin Thames, ya zama wurin zuwan ɗalibai da matasan masana tarihi. Yana karanta rubutunsu, yana buɗe musu ɗakin ajiyarsa, yana amsa wasiƙunsu dalla-dalla. A 1965 ya fitar da tarihin rayuwarsa, a 1966 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ta Sir. Ya rasu ranar 29 ga watan Janairun 1970 yana da shekaru 74. Littafinsa kan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya shafe shekaru yana aiki a kansa, ya fito a wannan shekarar, bayan rasuwarsa, da taimakon matarsa ta biyu, Kathleen.

Hukuncin da ya biyo baya

An kai takardunsa kwalejin King's ta Landan, inda cibiyar ajiyar takardun soja ke ɗauke da sunansa har yau. Daga cikin waɗannan takardu ne masu bincike suka samo hujjojin da suka yi masa illa. Brian Bond, wanda ya san shi sosai, ya fitar da nazari kan tunaninsa a 1977, ya nuna raunin wasu iƙirarinsa. A 1988 masanin Amurka John Mearsheimer ya fito da suka mai zafi, yana cewa Liddell Hart ya sake rubuta tarihi ne don ya ɓoye kuskurensa na shekarun 1930. Daga baya masanin Isra'ila Azar Gat ya binciki mujallun sojan Jamus na kafin yaƙi, ya nuna cewa Jamusawa sun karanta rubutun Fuller da Liddell Hart, sun fassara su, sun kuma bi diddigin gwajin filin Salisbury. Ke nan tasirin nasa gaskiya ne, ko da yake ya kumbura shi, ya kuma nemi shaidu ta hanyar da ba ta dace ba.

Ga mai sauraron masu sharhi a yau, rayuwar wannan mutum na ba da ma'auni mai amfani. Liddell Hart ya san yaƙi da jikinsa, ya yi karatu fiye da akasarin janar-janar na zamaninsa, kuma niyyarsa ta hana sake kisan Somme ba abar shakka ba ce. Wannan niyya ce ta sa ya ga abin da yake son gani a 1939, lokacin da ya tabbatar wa ƙasarsa cewa Faransa za ta iya tare hari. Kusancinsa da minista ya sa ba a tantance shawararsa a bainar jama'a ba. Kuma da ya yi kuskure, ya zaɓi gyara labarin maimakon amsa laifi. Ɗabi'arsa ta ajiye takardu na cikin abin da ya sa aka gane haka.